Ba Kowane Ja Ne Ƙwaro Ba

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa ɗebo ruwan kududdufi a Paki da damina, ya bar shi ya kwanta a kwano, mai yiwuwa ya ga wani ɗan jan abu kamar ƙwayar gero yana iyo. In ka tambaya, amsa ɗaya ce: ƙwaro ne. A ganina wannan amsa ta yi wa ɗan sakandare kaɗan.

Ɗora shi a farin faranti, ka ƙirga ƙafafunsa. Takwas ne, alhali ƙuda da sauro shida gare su. Ashe ɗan'uwan gizo-gizo ne da kunama da kaska, har da ɗan abin nan mai sa ƙazwa. Bari mu kira shi kaskar ruwa, ko da yake ba ya cizon mutum. Masana sun rubuta fiye da iri 6,000 nasa a duniya. Abin mamaki, yana ƙarami ƙafa shida ke gare shi, kuma a lokacin ne yake maƙale wa sauro da wasu ƙwarin yana tsotsarsu.

Bambanta iri da iri kuwa aiki ne na haƙuri, domin launi yana ruɗi. Sai an sa shi a madubin ɗakin kimiyya, a dubi 'yan hannuwan da ke gefen bakinsa, da faifan da ke ƙarƙashin cikinsa, sannan a gwada da zanen littafi. Haka David Cook, mutumin Amurka, ya yi har ya fitar da littafi guda a kan na ƙasar Laberiya a 1966. Sunan da za a ba shi kalma biyu ne na Latin, bisa tsarin da Linnaeus ya kafa wa dabbobi a 1758.

Wani zai ce, wannan zai fito a jarrabawa? Ban sa rai ba. Amma ku dubi fadamunmu. Ana noman rake a Makarfi, ana tumatir a Ikara, taki da maganin feshi kuwa ruwa ne makomarsu. Waɗansu irin kaskar ruwa ba sa jure gurɓataccen ruwa, shi ya sa masana ke duba su don gane lafiyar rafi. In ba mu rubuta abin da ke ciki bana ba, da me za mu gwada bayan shekara goma?

Saboda haka ina roƙon malamanmu na kimiyya su fitar da mu bakin ruwa, ko sau ɗaya a zango. Rariya, farin faranti, kwalba da littafin rubutu sun isa. A rubuta rana da wuri, a zana abin da aka gani. Wanda ya gagare mu, a kai shi Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, tunda Zariya ba nisa.