Horar da ma'aikatan rediyo: Gyaran manhaja ya bar harshen mai sauraro a baya

Mai ɗinki ko mai sayar da hatsi a Kasuwar Kure da ke Minna yakan ji labarin farashin mai, ko na hare-hare a Shiroro da Mariga, daga rediyo, kuma galibi da Hausa ko Nufanci ko Gwaranci. Amma matashin da ke karanta masa labarin da Turanci aka horar da shi.

Makarantun horarwar suna nan. Akwai sashen koyar da aikin jarida a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bida, akwai Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Jos wadda aka kafa a 1980, ga kuma makarantar Rediyon Tarayya a Legas. Hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna ta raba kwas ɗin babbar difloma gida uku: aikin jarida, shirya fim, da dabarun sadarwa. Gyara ne mai amfani, sai dai bai warware matsalar harshe ba. Ɗalibi kan kammala karatu bai ƙware wajen mayar da sanarwar Babban Banki ko hukuncin kotu zuwa harshen garinsu ba, alhali aikin da ke jiransa ke nan. A labarin rikici, kuskuren kalma ɗaya na iya mayar da zargi ya zama tabbaci.

Batun doka ma haka yake. A Agustan 2025 aka yi ta ce-ce-ku-ce bayan Gwamna Umaru Bago ya ba da umarnin rufe Badeggi FM da ke Minna bisa zargin tunzura jama'a. Ministan Yaɗa Labarai, Mohammed Idris, wanda shi ma ɗan jihar ne, ya ce hurumin dakatar da lasisi na hukumar NBC ne. Mai gabatar da shiri da ya laƙanci ƙa'idojin NBC ya fi iya kare kansa da tasharsa.

Jami'an da ke tsara kasafin ma'aikatun Ilimi da Yaɗa Labarai na da abin yi a nan. NBTE za ta iya sanya fassara da gabatar da shiri a harsunan gida cikin sharuɗɗan amincewa da kwas, a kuma tura ɗalibai sanin makamar aiki a sassan harsuna na tashoshi irin su Power FM Bida. Gwamnatin da ke son talaka ya fahimci manufofinta na haraji da tallafi, ta bakin waɗannan matasa za ta kai masa saƙon.