Sinafshot ba ajiya ba ne: abin da na gani da idona a Daura

1/ Jama'a, duk mai kula da saba a makaranta, asibiti ko cibiyar CBT, ya ɗan tsaya ya karanta. Ra'ayina shi ne: yawancin bayanan da muke asara ba ɓarayin intanet ke cinye su ba. Sakacinmu ne da rowar masu gida.

2/ Kwanaki aka kira ni wata cibiyar koyon kwamfuta a nan Daura, ba zan faɗi suna ba. Saba ɗaya gare su mai VMware ESXi, da VM uku a ciki: na rajistar ɗalibai, na kuɗin makaranta, da na jarrabawar gwaji. Safiyar Litinin na rajistar ya ƙi tashi.

3/ Ga wanda bai sani ba, VM kwamfuta ce a cikin kwamfuta. Faifanta ba ƙarfe ba ne, fayil ne. A ESXi guda biyu ne: ƙaramin .vmdk mai ɗauke da bayanin girma da tsari, da babban -flat.vmdk inda ainihin kayan suke.

4/ Da zarar ka ɗauki sinafshot, babban fayil ɗin ya daina karɓar rubutu. Duk sabon abu yana shiga wani fayil mai lamba -000001. Wato aikin jiya da na yau ba sa cikin uwar, suna cikin ɗan. Ɗan kuma ba ya tashi sai da uwar.

5/ Su sun ɗauki sinafshot suka manta da shi wata 14. Ya yi ta kumbura har wuri ya cika, VM ya tsaya. Yaron da ke kula da wurin ya leƙa, ya ga fayil mai lamba ya cinye fili, ya zaci shara ce. Ya goge.

6/ Na gyara fayil ɗin .vmx na mayar da shi kan uwar, ya tashi lafiya lau. Kowa ya yi hamdala. Muna buɗewa sai muka ga rajistar bara. Sakamakon ɗaliban zango biyu babu. Wata ɗaliba na tsaye a bakin ƙofa tana jiran takardar shaida za ta kai wurin neman aiki.

7/ Sati uku suka yi suna kwafe sunaye da maki daga tsofaffin takardu. Wasu ba a samu ba. Mai cibiyar ya ce sai ya kori yaron. Na ce masa: Alhaji, ka yi haƙuri, amma sau nawa yaron nan ya roƙe ka kuɗin faifan waje? Ya yi shiru.

8/ Nan ne matsalar take. Za a sayi saba, a sayi janareta, a sa AC, a kira manya su yanke kyalle. Amma kwafin ajiya? "Ai ba abin da zai faru in sha Allahu." Tawakkali gaskiya ne, amma sai ka ɗaure raƙuminka tukuna.

9/ VMware da kansu sun ce kada a bar sinafshot ya wuce awa 72. Abin ɗauka ne kafin ka taɓa wani gyara, in ya yi kyau ka cire shi ta cikin manhajar, ita za ta haɗe ɗan da uwar. Ba da hannu ake gogewa ba, ko kusa.

10/ Kuma yana zaune a faifai ɗaya da VM ɗin. Faifan ya mutu, sun tafi tare. Mu Daurawa ya kamata mu fi kowa gane wannan: gari guda da rijiya ɗaya, Kusugu, maciji ya tare ta, kowa ya zauna da ƙishirwa.

11/ In ƙaramin .vmdk ne ya ɓata, da sauƙi. Muddin -flat na nan lafiya, ana sake gina shi da vmkfstools, a daidaita girman ba ƙari ba ragi. Amma fa kafin ka taɓa komai, kashe VM ɗin, ka kwafe fayilolin gefe. Kada ka yi gwaji a kan na asali.

12/ Haka aka ceci mutane da yawa a Fabrairun 2023, lokacin da harin ESXiArgs ya kulle dubban sabobi, musamman a Faransa da Amurka. Hukumar CISA ta Amurka ta fitar da ɗan shirin da ke sake gina ƙananan fayilolin daga -flat. Wasu sun dace, wasu ba su dace ba.

13/ Wani zai ce kuɗi ne babu. Na yarda, rayuwa ta yi tsada. Amma lissafa albashin sati uku na sake shigar da bayanai, ka haɗa da mutuncin da ya zube a idon iyaye. In lasisi ne ya yi nauyi, ga Proxmox kyauta, kuma da tsarin kwafin ajiya a jikinsa.

14/ Ƙa'idar 3-2-1 ce kawai: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini daban. Manomi ma ba ya zuba irin baɗi a buhun da ake ɗiba kullum. Sannan duk wata ka gwada dawo da kwafin. Wanda ba a taɓa gwadawa ba, fata ne kawai.

15/ Daura na canzawa. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ga jami'ar sufuri, ga matasa na koyon wannan aiki. Bayanan mutanenmu ƙara komawa cikin saba suke yi, kuma amana ce.

16/ Ɗan'uwa, in kai ke riƙe da saba, yau ɗin nan ka buɗe ka duba sinafshot nawa ke kwance, tun yaushe. Ka rubuta wa oga buƙatar faifan ajiya a takarda, ka adana kwafinka. Gemun maƙwabci ya riga ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.