An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk wanda ya saba zagayawa Banex Plaza da ke Wuse II a Abuja, inda ake cinikin wayoyi da kwamfutoci da gyaransu, ba zai rasa jin wani kuka ba daga bakin samarin da ke sana'ar tace fim, ko zanen gine-gine, ko wasannin kwamfuta. Ana tsakiyar aiki sai hoto ya daskare, ko fuskar na'ura ta yi baƙi ƙirin, aikin yini guda ya salwanta. Nan take sai mai ita ya yanke hukunci cewa katin hoto ne ya lalace, ya shiga neman kuɗin sabo, alhali kuwa sau da yawa shi ne mafi tsada a cikin akwatin duka. To, amma fa ba kullum ne laifin yake ga katin ba. Sau tari an bar jaki ne ana dukan taiki.

Jakin a nan shi ne furosesa, watau ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda wasu kan ƙure wa gudu fiye da ƙa'idar masana'anta don su sami sauri ba tare da ƙarin kuɗi ba. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun a 1998 masu sha'awar abin suke ɗaga furosesar Celeron 300A ta kamfanin Intel daga megahaz 300 zuwa 450. Abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba shi ne, furosesa da katin hoto 'yan gida ɗaya ne, in ɗaya ya yi haɗama ɗayan ke kwana da yunwa.

Da farko akwai maganar agogo. Gudun furosesa yana fitowa ne daga wani agogon tushe mai megahaz 100, wanda ake ninkawa sau da dama. In mutum ya ƙara yawan ninkin kawai, furosesa kaɗai ya taɓa. In kuwa agogon tushen ya ɗaga, to a kan na'urori da yawa, musamman na Intel da suka fito daga 2011 zuwa kafin 2015, ya taɓa har da hanyar da katin hoto ke karɓar saƙo, kuma ƙari kaɗan ya isa ya rikita ta. Irin waɗannan tsofaffin na'urori suna nan birjik cikin kayan gwanjo da ke shigowa kasuwanninmu.

Na biyu, wuta. Akwati ɗaya ne ke raba wa kowa wuta a cikin kwamfuta. Katin hoto yana jan wat 75 daga raminsa, ya kuma ja har wat 150 daga kowace waya mai baki takwas. Furosesar da aka ƙure ba ta tsayuwa sai an ƙara mata ƙarfin wuta, kuma ƙarin kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin yana jawo ƙarin cin wuta na wajen kashi 21. In akwatin ƙarami ne, ko ya tsufa, duk sa'ad da su biyun suka buƙaci wuta tare sai kwamfuta ta mutu farat ɗaya.

Na uku, zafi. Abin da furosesa ta ci na wuta, zafi yake komawa, ya cika akwatin, katin hoto ya shaƙa. A Abuja, inda zafin Fabrairu da Maris kan haura digiri 35, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fankoki, ga sauyin wuta tsakanin ta gwamnati da janareto, gudun da ya zauna lafiya a ɗaki mai sanyi a Turai ba lalle ne ya zauna a Kubwa ko Nyanya ba.

Na huɗu, wanda ya fi ruɗarwa, shi ne kuskuren lissafi. Furosesa ce ke shirya wa katin hoto abin da zai zana. In ta gigice ta miƙa masa gurɓataccen saƙo, sai ya cije. Manhajar Windows kuwa, in kati ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, sai ta sake tayar da shi, ta rubuta cewa direban hoto ya daina aiki. Mai karanta wannan dole ya zargi kati.

Duniya ta ga misalin haka a 2024. Masu amfani da manyan furosesoshin Intel na zubi na 13 da na 14 suka riƙa samun saƙo cewa ma'ajiyar katin hoto ta cika, alhali ba ta cika ba. A watan Afrilu kamfanin Nvidia mai yin katin ya ce a tuntuɓi Intel. A watan Yuli Intel ya amsa cewa wuta mai ƙarfi fiye da kima ce ke shiga furosesoshin, daga baya ya fitar da gyara, ya kuma ƙara shekara 2 a kan garanti. In furosesar da mai ita bai ko taɓa ba za ta shafa wa katin hoto kashin kaji, ina ga wadda aka ƙure da gangan?

Saboda haka, kafin mai kwamfuta ya ɗauki kuɗinsa ya nufi kasuwa, ya kamata ya shiga BIOS ya mai da kome kan ƙa'idar masana'anta, har da gudun ma'ajiyar RAM, ya kakkaɓe ƙura, ya gwada na kwana biyu. In hali ya yi, a jarraba katin a wata kwamfutar. Mai sayen na gwanjo ya tambaya ko an ƙure ta, mai gyara kuma ya ji tsoron Allah, kada ya sayar wa mutum kati alhali ya san ba nan cutar take ba. Wanda abincinsa ke cikin kwamfutarsa, gara masa na'ura mai tafiyar hawainiya ta kai shi gida, da mai gudun barewa ta yar da shi a hanya. Hausawa dai sun riga sun faɗa, sauri ya haifi nawa.