Digiri a hannu, wasiƙa ta gagara

A Riko da sauran garuruwan Jibiya da Hausa ake ciniki, ko da abokin cinikin daga Ɗan Isa ya zo ko daga Maraɗi. Amma da zarar kaya sun iso bakin iyaka a Magama sai takarda ta karɓi magana, ita kuwa a ɓangarenmu Turanci take ji. Bayanin kaya, wasiƙar neman a saki mota, rahoton da ƙaramin ma'aikaci zai miƙa wa na gaba da shi, duk sai an rubuta.

A nan ake gane wanda ya yi karatu. Ɗan kasuwa zai ɗauki yaro mai digiri, ya ce ya rubuto wasiƙa kan tirelar da aka tsare. Sai yaron ya cika shafi biyu da manyan kalmomi, babu lambar mota, babu ranar da aka tsare ta, babu abin da ake roƙo. Mai karantawa ya ture ta gefe, mota ta ƙara kwana, direba na cin kuɗin abinci.

Ban ɗora wa yaran laifin duka ba. Me aka taɓa gwada su a kai? Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta, zaɓi kawai ake dannawa. Darasin Turanci na shekarar farko a jami'a kuwa, ɗalibai ɗaruruwa ne a ɗaki guda. Wane malami zai bi rubutunsu da jan biro? Tushen ma da rauni: a 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu.

Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi ana shimfiɗawa, ta Jibiya zai bi. Ayyukan ofis da zai kawo na masu iya rubutu ne, kuma idan 'ya'yanmu ba su iya ba, daga wani wuri za a kawo masu yi.

Ina kira ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-Ma su zauna da masu fiton kaya da 'yan kasuwar iyaka, su ga irin takardun da ake rubutawa kullum. Kada a sallami ɗalibi sai ya rubuta rahoton shafi ɗaya da hannunsa, malami ya karanta ya gamsu.