Zuba Jari Ko Caca?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, mun ƙi yarda a kira caca zuba jari. Ƙaramin kamfanin mai da bai haƙo ko ganga ɗaya ba, ko na fasaha da bai taɓa cin riba ba, jita-jita ke ɗaga farashin hannun jarinsa. Manya su sayar su fice, ɗan albashi ya kwana ciki. Kasuwar Nasdaq ta Amurka ta zubar da kashi uku cikin huɗu na darajarta tsakanin 2000 da 2002. Ta Legas ta zubar da rabi a 2008, masu rance suka shiga uku. Kafin mu saya, mu nemi lissafin kamfani. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.