Martani Ga Masu Cewa Ana Yi Wa Turawa Kisan Ƙare Dangi A Afirka Ta Kudu

Ranar 21 ga Mayun 2025, Shugaba Donald Trump ya karɓi baƙuncin shugaban Afirka ta Kudu, Cyril Ramaphosa, a Fadar White House. Ana cikin magana gaban 'yan jarida sai ya sa aka rage hasken fitilu, aka kunna bidiyo, don ya nuna cewa gwamnatin baƙar fata na karkashe Turawa manoma tana ƙwace musu gonaki. Kwana tara kafin nan jirgi ya sauke Turawan Afrikaner 59 a filin jirgin Dulles na Amurka a matsayin 'yan gudun hijira, alhali tun 20 ga Janairu an rufe wa mutanen Sudan da Kongo wannan ƙofar. Zargin ba ƙarami ba ne, don haka bari mu bi shi daki-daki.

An ce kisan ƙare dangi ake yi. Babu mai musun cewa jini na zuba a Afirka ta Kudu: ana kashe mutum kusan 27,000 a shekara, fiye da saba'in ke nan a kowace rana. Sai dai galibin gawarwakin na talakawa ne marasa farar fata, daga unguwanni irin su Nyanga da Inanda da Khayelitsha. Kisan da ake yi a gonaki fa? Mai gudun alƙaluman gwamnati ya ɗauki na AfriForum, ƙungiyar da ke fafutukar kare Afrikaner, wadda ba ta ga maciji da jam'iyyar ANC ta Ramaphosa. A lissafinta na 2023, kusan hamsin ne. Kuma ba kowa a gona ne Bature ba, akwai leburori da masu gadi. Ministan 'yan sanda na lokacin, Senzo Mchunu, ya ce daga Janairu zuwa Maris na 2025 mutum shida aka kashe a gonaki, biyar daga cikinsu baƙar fata. Manomin da 'yan fashi suka ɗaure suka azabtar a gidansa, nesa da ofishin 'yan sanda, an zalunce shi, kuma gwamnatin da ta kasa kare shi ta ci amanarsa. Amma fashi sunansa fashi. A Fabrairun 2025 babbar kotun lardin Western Cape ta ce wannan kisan ƙare dangin ƙirƙira ce kawai.

Hujjojin da aka baje a ofishin Trump ma abin dubawa ne. Bidiyon ya nuna fararen gicciye jere a gefen titi, iya ganinka, Trump ya ce kaburburan manoma ne. Babu gawa ko ɗaya a ƙarƙashinsu. Masu zanga-zanga ne suka kafa su a 2020 kusa da Newcastle, a lardin KwaZulu-Natal, bayan an kashe wani manomi da matarsa, daga baya aka kwashe su. Sannan ya ɗaga takarda mai hoton ma'aikata ɗauke da jakunkunan gawa. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fito ya ce hotonsa ne, kuma a Goma aka ɗauke shi, a gabashin Kongo. Wato gawar baƙar fatan da aka hana wa danginsu mafaka ita aka aro don yi wa Bature makoki.

An ce ana ƙwace filaye. Nan ne masu zargin suka fi son a fara labari daga tsakiya. Dokar filaye ta 1913 ta killace baƙar fata a kashi 7 cikin ɗari na ƙasarsu, a 1936 aka ce an ƙara musu zuwa kashi 13. Tsakanin 1960 da 1983 an tashi mutum wajen miliyan uku da rabi daga gidajensu da ƙarfin tsiya, har da mazauna District Six a Cape Town. Binciken gwamnati na 2017 ya gano cewa kashi 72 na gonakin da ke hannun ɗaiɗaikun mutane na Turawa ne, su da ba su wuce kashi 7 da 'yan kai na jama'ar ƙasar ba, baƙar fata kuwa kashi 4. Dokar da Ramaphosa ya sa wa hannu a Janairun 2025 ta maye gurbin ta 1975, kuma ƙa'idarta ita ce a biya diyya. Rashin diyya sai a wasu halaye, kamar filin da mai shi ya yi watsi da shi, ko wanda ya ajiye yana jiran ya yi tsada, kuma mai fili na da damar zuwa kotu. Ana iya sukar dokar, jam'iyyar DA ma da ke cikin gwamnatin haɗaka ta kai ta ƙara. Shugabanta a lokacin, John Steenhuisen, Bature ne, shi ne kuma ministan noma a lokacin, yana cikin ɗakin ranar, kuma da bakinsa ya ce yawancin manoma ba su da niyyar barin ƙasar.

Sai batun Julius Malema da waƙar zamanin gwagwarmaya da yake rerawa a gangami, mai ambaton harbin manomi, wadda aka nuna a bidiyon. A nan ba zan kare shi ba. Kotunan ƙasar sun ce a muhallinta ba kalaman ƙiyayya ba ce, amma a ganina ɗan siyasar da ya san ana kashe mutane a gonaki ya kamata ya kama bakinsa. Abin da bidiyon ya ɓoye shi ne Malema ɗan adawa ne. ANC ta kore shi tun 2012, jam'iyyarsa ta EFF ba ta kai kashi 10 ba a zaɓen 2024, kuma ba ta cikin gwamnati.

Kukan Elon Musk cewa an hana kamfaninsa na Starlink lasisi don shi ba baƙar fata ba ne bai buƙatar dogon bayani. Sharaɗin ba wa waɗanda wariyar launin fata ta danne kashi 30 na hannun jari ya hau kan kowane kamfanin sadarwa mai neman lasisi.

Na san wani zai ce, ina ruwanmu da kare ƙasar da ake farautar 'yan'uwanmu? Tambaya ce mai kyau. A 2008 an kashe mutum 62 a tarzomar ƙin baƙi, a 2019 sai da Air Peace ya kwaso 'yan Najeriya daga Johannesburg. Waɗannan su ne aka bi shago-shago ana ƙonawa saboda asalinsu, kuma ba mu ji an rage hasken fitila a Washington dominsu ba.

Mai son sanin inda gizo ke saƙa ya karanta umarnin da Trump ya sa wa hannu ranar 7 ga Fabrairun 2025, wanda ya yanke tallafi ya kuma buɗe wa Afrikaner ƙofa. Bayan maganar filaye, takardar ta ambaci wani laifin ƙarara: ƙarar da Afirka ta Kudu ta shigar da Isra'ila a Kotun Duniya a Disambar 2023, kan zargin kisan ƙare dangi a Gaza.