WALDAR GATARI BA TA ƘARA WA MOTA LODI

'Yan'uwa manoma, kowace shekara idan kaka ta yi, ƙungiyoyinmu da yawa su kan tura motarsu Kano. Ta kai masara ko waken soya kasuwar Dawanau, ta biya Kantin Kwari a Fagge ta ɗauko dilolin atamfa da yadi domin mata da 'yan tiredan gari, ta ƙarasa Sabon Gari ta ƙara da gishiri da sabulu da kwanon rufi. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Kwari da la'asar, wajen titin Ibrahim Taiwo, ya ga yadda 'yan dako su ke jibga wa ƙananan motoci kaya har gindinsu ya kusa taɓa ƙasa. Motar nan kuwa ba a kwalta za ta ƙare tafiyarta ba. Za ta sauka hanyar ƙauye, ta ratsa rafi da kwazazzabo, kuma a can ne gatarinta ya kan ba da kai.

Gatari, watau aksul a bakin kanikawa, shi ne ƙarfen nan da ya gitta ƙarƙashin mota yana ɗauke da ƙafafun baya. Yanzu ya zama al'ada idan ya lanƙwashe, ko kuwa ana tsoron kada ya lanƙwashe, sai a kira mai walda ya ɗora masa wani ƙarfe. Da an gama sai direba ya ce mota ta ƙara ƙarfi, a ƙara mata buhu biyar. Wannan lissafi ne na ke so in yi gardama da shi, gama na ga ƙarshensa da idona.

A wata shekara shaf ɗin motar ƙungiyarmu ya tsage a Kano, kayan Kwari suna kanta. Sabon shaf da tsada, rana kuwa ta yi nisa, saboda haka direba ya kai wa wani mai walda, aka liƙe, aka goge, har ya yi ƙyalli kamar sabo. Mota ta yi tafiyar kwalta lafiya lau. Da ta sauka hanyar ƙasa, a gangaren wani rafi, sai shaf ya ɓalle dab da wurin da aka yi waldar. Taya ta fice, mota ta kwanta a cikin ruwa. Ba a yi asarar rai ba, amma yaron mota ya karye a hannu, atamfar da mata su ka tara wa kuɗi wata da watanni ta jiƙe ta yi dabbare-dabbare. Mutane su ka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ni kuwa na ce wannan tsautsayi mu mu ka saye shi da kuɗinmu. Garin neman gira mu ka rasa ido.

Domin a gane maganar, tilas a san cewa gatari kashi biyu ne. Akwai bututun waje, mai kumburi a tsakiya kamar tulu, inda haƙoran giya su ke iyo cikin mai. Akwai kuma shaf biyu a cikin bututun, su ne masu juya ƙafafu. Hukuncin waɗannan biyu ba ɗaya ba ne.

Shaf ba irin ƙarfen ƙofa ko taga ba ne. An gasa shi an hore shi a masana'anta bisa ga ƙa'ida, domin ya yi tauri, ya kuma iya murɗuwa kaɗan ya koma daidai. Kowane manomi ya san abin da ya kan faru idan aka mance lauje ko adda cikin wutar daji: siffarta tana nan, amma horon da maƙeri ya yi mata ya tafi. To, walda tana narka ƙarfe da zafin da ya kai wajen digiri 1,500. Wurin da aka narka, da abin da ke gefensa, horonsu ya lalace ke nan. Wani gefe ya yi laushi, wani ya yi gautsi kamar kwalba. Ido ba ya ganin wannan, shi ya sa shaf ɗinmu ya yi ƙyalli kuma ya karye. A tsohuwar Land Rover, idan shaf ya karye taya tana nan a wurinta, domin bututun ne ya ke ɗauke da ita, har direba ya na iya sa giyar ƙafa huɗu ya lallaɓa da ƙafafun gaba. A Toyota Hilux kuwa shaf ɗin da kansa ya ke ɗauke da nauyi, idan ya ɓalle ta wajen taya tana iya ficewa da birkinta gaba ɗaya. Saboda haka ra'ayina a kan shaf gajere ne: wanda ya tsage a cire shi a sa wani, ko da na hannu ne mai lafiya daga Ƙofar Ruwa.

Bututun waje kuwa ana iya ƙarfafa shi, ban musa ba. Masu tseren mota a daji a wasu ƙasashe suna yin haka, masu waldarmu na Kano ma akwai gwanaye a cikinsu. Sai dai aikin yana da sharuɗɗa, kuma ba na gindin bishiya ba ne. Walda takan tsuke sa'ad da ta ke hucewa, ta ja ƙarfe zuwa gefen da aka yi ta. Idan mutum ya ja dogon layi ɗaya a saman bututu ba hutawa, bakunan bututun za su ɗaga sama, watau daidai lanƙwasar da lodi ya ke jawowa. An zo gyara an ƙara ɓarna. Alamarta ita ce kawunan tayoyin baya su karkato ciki, taya ta riƙa cinyewa ta gefen ciki, mai ya riƙa tsiyaya, boris ya fara kuka.

Gwanin mai walda ya kan sa a sauke gatarin daga jikin mota, nesa da tankin mai. A tsiyaye man giya, a fitar da shaf da boris da robobi. Ya kan yi waldar guntu-guntu, inci ɗaya ko biyu, ya tsallaka wancan gefe, ya jira har hannu ya iya taɓa wurin kana ya ci gaba. Ya kan bi tsawon bututun, ba ya zagaye shi da walda kamar zobe. Ba ya ɗaukar sandar walda ta ƙofofi, mai lamba 6013, ya kan nemi mai lamba 7018 wadda ba ta sha raɓa ba. Idan tulun tsakiya na ƙarfen zubi ne, sai an ɗumama shi tukuna, a yi da sanda ta musamman, a bar shi ya huce sannu a hankali cikin busasshen yashi ko toka. Ba a zuba masa ruwa. Daga ƙarshe a gwada da miƙaƙƙen ƙarfe ko igiya, a tabbata bai goce ba. Aikin yini ne guda ko fiye. Wanda ya ce zai gama kafin direba ya ci abinci, ku ɗauki gatarinku ku tafi.

To, a ce an yi duk wannan daidai, motar ta ƙara ɗaukar kaya ke nan? Ko kaɗan. Nauyin da ya ke bi ta bututu shi ne ya ke bi ta boris, da notin taya, da sifirin, da tayar kanta, kuma birki ne zai tsai da shi a gangare. Ba ɗaya daga cikinsu da walda ta taɓa. An ƙarfafa wuri guda, karaya ta koma maƙwabci. Gara ma bututu, shi ya kan lanƙwashe ya ba da gargaɗi. Birki da taya ba su sallama. Kamfanin Land Rover, da ya fara ƙera motarsa a Ingila a 1948, ya gamu da wannan matsala a doguwar motarsa mai lamba 109. A farkon shekarun 1970 ya sauya mata gatarin baya ɗungum da wani mai kauri da a ke kira Salisbury, shaf da haƙora da bututu duka. Masu injiniyoyi da masana'anta ba su ga liƙa ƙarfe ya wadatar ba, balle mu.

Ga lissafin da ya kamata kowane ma'aji ya riƙe. Akori-kura irin Hilux an yi ta ne domin kayan da bai wuce wajen tan ɗaya ba, watau kilo 1,000. Buhun masara kilo 100 ne. Buhu goma ke nan, kuma a cikin wannan lissafi har da direba da yaronsa da duk wanda ya hau. Gaskiyarta buhu takwas ne ko tara, a hanya mai kyau. Dilar yadi kuma kada girmanta ya ruɗe ku, tufa a matse nauyi gare ta, kafaɗar ɗan dako ta sani.

Na san amsar da za a ba ni: mai ya yi tsada, kayan gyara sun yi tsada, sawu biyu ya fi ƙarfin ƙungiya. Gaskiya ne, ni ma ina cikin wannan hali. Amma ku auna kuɗin sawu na biyu da kuɗin motar janwe, da sabon gatari, da asibiti, da mako uku mota tana kwance a tsakiyar kaka alhali hatsin membobi yana jiran kasuwa. Araha ba ta ado.

Shawarata ga kwamitocinmu abu huɗu ne. Na fari, a rubuta a littafin ƙungiya cewa ba a waldar shaf, ko ƙarfen sitiyari, ko wani abin da ya shafi birki. Idan lalura ta kama a daji aka liƙe domin a fita, to mota ta tafi gareji ba kaya, ba fasinja, a hankali. Na biyu, ba a taɓa bututun gatari sai da izinin kwamiti, kuma wani memba ya tsaya a wurin. Na uku, a rubuta iyakar buhunan da mota ke ɗauka da fenti a jikin bodi, domin direba ya sami abin nunawa sa'ad da mai kaya ya matsa masa a bakin Kwari. Sau da yawa ba son ransa ba ne, kunyar manya ce ta ke sa shi ya karɓa. Na huɗu, a kowane sawu a ware wani abu a asusun gyara, domin ranar da shaf ya tsage kada rashin kuɗi ya tura direba wurin walda.

Motar nan ta dukanmu ce, da gumin gwauraye da matasa aka saye ta, kuma 'ya'yanmu ne su ke zama a kan lodinta. A taronku na wannan wata ku sa wani ya shiga ƙarƙashinta da tocila ya duba gatarin, ya zo ya faɗa wa jama'a abin da ya gani.